Ƙwayar daudawa ta je sararin samaniya ta dawo da ranta

Daren Alhamis ɗin da ta wuce, a fadarmu ta Zango a nan Damagaram, muna jiran shayi na biyu ya nuna, sai wani abokinmu ya kunna mana wata murya da aka turo masa ta WhatsApp. Mai maganar yana rantsuwa yana ƙarawa, wai dutsen nan da aka tsinta a jihar Agadas aka kai Amurka aka sayar, ba don dutsen aka zuba waɗannan maƙudan kuɗi ba. Wai akwai ƙwayoyin cuta a cikinsa da suka zo daga wata duniya, su Turawa ke so, don su haɗa sabuwar annoba su sako mana.

Ɗan ƙanwata, wanda ke ajin ƙarshe a lise, yana gefe yana ɗauraye kofuna. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan ai ƙarya ce tsagwaronta. Can sama ba iska, ba ruwa, ga zafi ga sanyi. Ko minti ɗaya ƙwayar cuta ba za ta yi ba."

Nan fada ta rabu biyu, aka yi ta musu har gawayi ya mutu. Na koma gida raina a dagule, kuma maganar yaron ce ta fi damuna. Mai muryar WhatsApp mun saba da irinsa, gobe ma zai zo da wata. Shi kuwa yaron nan likita yake son zama, kuma likitan da ya ɗauka ƙwayar cuta abu ce mai saurin mutuwa, ba na so ya ɗinke mini rauni.

Ga inda na tsaya. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke jure zaman sararin samaniya na shekaru, an gwada an gani. Sai dai a sume suke jurewa, ba ci, ba sha, ba haihuwa. Kuma duk wadda aka taɓa samu a jikin kumbo ko a jikin dutsen da ya faɗo daga sama, da aka bi sawunta, nan duniyarmu aka tarar da gidansu. Idan akwai abin fargaba a lamarin, to ƙazantar da muke ɗauka mu kai can ce, da wadda muke shafa wa abin da ya faɗo mana.

Daga tukunyar miya zuwa kumbo

Mun saba kiran duk wani mitsitsin abu mai rai da ido ba ya gani "ƙwayar cuta", alhali yawancinsu ba ruwansu da cuta. Su ke mayar da madara nono. Su ke ruɓar da kalwa ta zama daudawa, haka ma daudawar batso da ake yi da gurguzu. Babbar ma'aikaciya a wannan aiki masana suna kiranta Bacillus subtilis. Wannan ƙamshin da ke cika lungu idan maƙwabta sun buɗe tasu (wasu sukan ce wari ne, ni ban yarda ba), aikinta ne.

To irin wannan ƙwayar aka aika sama. A watan Afrilun 1984 kumbon Challenger na Amurka ya ajiye wani dandamalin gwaji mai girman motar bas, mai suna LDEF, ya bar shi yana kewaya duniya. Niyyar ita ce a ɗauko shi bayan kamar shekara guda. Aka yi ta ɗagawa, sannan Challenger ɗin kansa ya tarwatse a Janairun 1986, tafiye-tafiye suka tsaya. Sai a Janairun 1990 kumbon Columbia ya je ya ɗauko shi, bayan wata 69. Cikin kayan da ke jikinsa akwai ƙwayoyin Bacillus subtilis da wata masaniya Bajamusa, Gerda Horneck, da abokan aikinta suka sanya. Waɗanda aka jibga bisa juna tare da ɗan sukari, aka kuma kāre su daga hasken rana, har kashi 80 cikin 100 nasu sun farfaɗo da aka dawo da su aka ba su abinci da danshi. Kusan shekara shida ke nan ba iska ba ruwa.

Wanda ya tashi kusa da tafki ba zai sha wahalar gane yadda aka yi ba. Ya san gaiwa. Ruwa ya janye, laka ta bushe ta tsattsage, ita tana can ƙasa a dunƙule cikin ƙunshin da ta yi wa kanta, har damina ta zagayo. Ita ma wannan ƙwayar idan ta ji yunwa ko fari, sai ta tattara abin da ya zama dole na jikinta, ta matse ruwan cikinta, ta lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri kamar sulke. Har ta fi gaiwa, domin gaiwa tana ɗan numfashi tana cin jikinta a hankali, ita kuwa wannan kusan komai nata tsayawa yake yi cak. Rashin iskar da ɗan ƙanwata ya kafa hujja da shi, babbar illarsa ita ce ya zuƙe ruwan jikin abu. Wanda ya riga ya busar da kansa, me kuma za a zuƙe masa?

"Ai rana kaɗai ta isa ta ƙone su"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo a fada, kuma mai ita yana da gaskiya sosai. A cikin hasken rana akwai wani kaso mai ƙuna da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Mu nan iskar da ta lulluɓe duniya tana tare mana mafi muninsa. Can sama babu mai tarewa. A gwajin da na ambata, ƙwayoyin da aka bari rana ta doke su kai tsaye, abin da ya tsira bai wuce ɗaya cikin dubu goma ba. Sanyi da rashin iska suna jigata su, amma rana ce ke kisa.

Sai dai inuwar da ƙwayar bakteriya ke bukata ba ta da yawa. Tsakanin 2015 da 2018, masanan Japan ƙarƙashin Akihiko Yamagishi sun yi wani gwaji mai suna Tanpopo a bayan bangon tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke tafiya kimanin kilomita 400 sama da kawunanmu, tana zagaye duniya duk minti 90. Sun dunƙula wata ƙwaya mai suna Deinococcus radiodurans, suka busar da ita, suka bar ta a fili. Bayan shekara uku, dunƙulen da kaurinsa ya kai rabin milimita, wato kamar kaurin farce, an samu masu rai a cikinsa. Na sama sun mutu, gawarwakinsu suka zama rumfa ga na ƙasa. Haka jinkar ɗaki take yi: ciyawar waje rana ta cinye ta har tana marmashewa, ka ɗaga ka tarar da ta ciki lafiya lau.

Ita wannan Deinococcus ɗin ba ta ma shiga sulke, dabararta daban ce. An gano ta a 1956 a jihar Oregon ta Amurka, cikin naman gwangwani da aka haska wa tururin nukiliya don a kashe duk wani abu mai rai a ciki, amma naman ya ruɓe. Tana jure ninki dubu na adadin tururin da ke kashe mutum. Tururin yana daddatsa kundin halittarta na DNA gunduwa-gunduwa, ita kuma da yake tana ajiye kwafi fiye da ɗaya, sai ta bi ta harhaɗa ta ɗinke cikin sa'o'i.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da masana da yawa suke bayarwa na wannan baiwa. Babu inda ake samun irin wannan tururi mai tsanani a doron ƙasa da har za ta saba da shi. Amma bushewa ma haka take daddatsa DNA. Wato fari ne ya horar da ita. A 2005 an bayyana wata ƴar'uwarta da aka samo cikin yashin Sahara, aka raɗa mata Deinococcus deserti. Mu da ke zaune bakin hamada, ƙura na turnuƙe mu tun daga kwarin Bodele na Cadi duk hunturu, bai kamata a ce mu ne ke mamakin taurin ran abin da ya saba da bushewa ba.

"Su suka faɗa, wa ya gani?"

Wani a fada ya ce duk wannan labarin Turawa ne, abin da suka ga dama shi suke faɗa. Ban raina wannan shakka ba, domin a wannan fanni an taɓa yaɗa labarin da bai tabbata ba, har ya shiga littattafan makaranta.

A Afrilun 1967 wani kumbo marar matuƙi, Surveyor 3, ya sauka a duniyar wata. A Nuwamban 1969 ƴan sama jannatin Apollo 12, Pete Conrad da Alan Bean, suka sauka kusa da shi, suka kwance kyamararsa suka dawo da ita. Da aka bincika sai aka samu wata ƙwaya, Streptococcus mitis, irin wadda ke zaune a bakin mutum. Aka shelanta cewa ta yi shekara biyu da rabi a wata ta dawo da rai. Shekaru arba'in ana maimaita zancen. A 2011 wasu masu bincike suka koma suka kalli tsohon fim ɗin da aka ɗauka ranar da ake buɗe kyamarar, sai ga ma'aikatan da riguna masu gajeren hannu, damatsa a waje, tsaftar wurin ba ta kai yadda ake zato ba. Mafi rinjayen zato yanzu shi ne a ɗakin binciken ƙwayar ta shiga.

Haka aka sake yi kwanan nan. Kumbon Japan Hayabusa2 ya dawo da ɓarɓashin wani dutsen sama mai suna Ryugu a Disambar 2020, a rufe ruf. A 2024 masana a Landan suka ba da rahoton cewa sun ga ƙwayoyi suna yaɗuwa a kan wani ɗan guntunsa, kuma su da kansu suka ce na nan duniya ne, sun hau shi ne bayan ya sha iskarmu.

Ni waɗannan labarai biyu ƙara mini yarda suka yi da gwajin LDEF da na Tanpopo. A can an san abin da aka sa, an san adadinsa, an ajiye irinsa a ƙasa don kwatantawa. Sannan mutanen da suka iya fitowa suka ce labarin da muka yi shekara arba'in muna alfahari da shi akwai ayar tambaya a kansa, sun fi mai muryar WhatsApp cancantar a saurare su, wanda ko sunansa bai faɗa ba.

To annobar da ke cikin dutsen fa?

Dutsen gaskiya ne. An tsince shi a jihar Agadas a Nuwamban 2023, nauyinsa kusan kilo 25, masana suka yi masa rajista da NWA 16788, kuma shi ne guntun duniyar Mars mafi girma da aka sani a doron ƙasa. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dala miliyan 5.3, kusan miliyar 3 na sefa. Ƙarancin irinsa da girmansa suka ja masa wannan kuɗi.

Zancen cuta kuwa, lissafin ba ya fita. Har yau ba a samu abu mai rai a Mars ba. Duwatsun da ke ɓallowa daga can galibi sai sun yi miliyoyin shekaru suna yawo kafin su faɗo mana, mu kuwa gwajin da ke hannunmu na shekara uku ne da shekara shida. Tsakanin shida da miliyan akwai tafiya. Ɗaruruwan irin waɗannan duwatsu suna hannun mutane da gidajen tarihi, ana taɓa su ana yanka su, babu wanda ya kwanta ciwo saboda su.

Zan yi adalci a nan. Zafin shigowa duniya, wanda mutane ke zaton yana toye komai, fatar dutsen kawai yake narkarwa. Wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika a 1984, ALH84001, bincike ya nuna cikinsa bai haura digiri 40 ba tun daga fitowarsa har saukarsa. Azahar ɗin watan Afrilu a Damagaram ta fi haka zafi. Saboda haka ƙofar ba a rufe take gaba ɗaya ba, kuma shi ya sa masana ba su daina tambayar ba. Amma "mai yiwuwa ne wata ƙwaya ta tsira cikin dutse" magana ce mai nisa da "an kawo mana annoba".

Cuta sai da sabo. Ƙwayar da ke kama mutum ta daɗe tare da jikin mutum ko na dabba, ta san ƙofofinsa. Kuma da yawa daga cikin masu kisan namu ragwaye ne a waje. Dubi sanƙarau, wanda mu a nan ba labari ake ba mu ba: daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Ƙwayar da ke kawo shi ba ta daɗewa idan ta bar maƙogwaron mutum, bushewa da rana suna gamawa da ita. Daga numfashin wani take zuwa na wani, a ɗaki mai cunkoso, lokacin da ƙura da busasshiyar iska suka riga suka raunata hanci da maƙogwaro. Wannan ko Tanut ba za ta kai ba a bayan mota, balle Mars.

Su kansu ƴan sama jannati, abin da ke damunsu shi ne ƙwayoyin da suka tafi da su. A 2006 an aika da Salmonella, mai kawo gudawa da zazzaɓi, cikin kumbon Atlantis. Da aka dawo da ita aka gwada a kan ɓeraye, ta fi wadda aka bari a ƙasa saurin kisa.

Wani dattijo da ke zama da mu wani lokaci ya tambaye ni, "Malam, wato so kuke ku ce daga sama rai ya faɗo?" Na ce masa, Baba, akwai masu wannan hasashe tun fiye da shekara ɗari, wani Basuwide mai suna Svante Arrhenius yana cikin na farko-farko, amma gwaje-gwajen nan ba su ce haka ba. Abin da suka nuna shi ne halittar nan tana da taurin rai. Wanda ya ajiye gaiwa cikin busasshiyar laka Ya tashe ta da damina, ban ga abin da zai girgiza imanin mutum ba don an ce Ya yi wata halittar da ta fi ta juriya. Ya ce, "Allah mai iko," ya miƙo kofinsa.

Mu da ke bin ƴan garuwa, ina ruwanmu da kumbo?

Wannan tambayar na fi jin nauyinta. Garin da famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, ana iya cewa zancen Mars zancen ƙoshi ne.

Amma a duba abin da masu kumbon suke yi saboda sun yarda da taurin ran ƙwayar nan. Kumbunan Viking biyu da aka harba zuwa Mars a 1975, sai da aka gasa su cikin tanda a zafin da ya haura digiri 110 na tsawon fiye da kwana guda. Kumbon Cassini, bayan shekara 13 yana kewaya duniyar Zuhalu, da gangan aka tura shi ya ƙone a cikinta a Satumbar 2017, don kada wata rana ya faɗa kan Enceladus, wani wata nata mai teku a ƙarƙashin ƙanƙara, ya kai masa ƙwayoyinmu. Tun 1967 akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya da ta ce a guji gurɓata sauran duniyoyi. Cassini ɗin nan da ya yi shekara 20 a sarari tun daga harba shi, ba su yarda ya tsarkaka ba.

Mu kuwa sai ka ga an goge aska ko almakashi da ɗan auduga da alkol, an ce an gama. Alkol yana kashe ƙwayoyi da yawa, amma ba ya huda sulken nan. Ƙwayar tetanus ma mai shiga sulke ce, tana kwance cikin ƙasa da kashin dabbobi tana jiran rauni, shi ya sa ake nacewa a yanke cibiyar jariri da sabuwar reza, kada a shafa mata toka ko ƙasa, uwa kuma ta yi allurarta tun tana da ciki. Ciwon saifa na dabbobi haka yake. Makiyayi ya san inda mushen saifa ya faɗi ba a kiwo, domin ƙwayar tana yin shekaru gommai a ƙasa, kuma bai jira wani kumbo ya gaya masa ba. A asibiti kayan tiyata sai sun shiga tukunyar tururi mai matsi, digiri 121, minti 15 ko fiye, domin tafasa ta yau da kullum ba ta isar wa masu sulke. Kada wani ya ji haka ya daina tafasa ruwan sha. Kwalara da taifot ba su da sulke, tafasa tana kashe su sarai. Na taɓa raka wani ɗan'uwa wani ɗan ƙaramin wurin shan magani inda na ga an fito da almakashi daga kwanon ruwan ɗumi aka nufo ƙafarsa da shi. Sai da muka yi cacar baki kafin aka sauya.

Sannan ga duwatsun kansu. Bayan gwanjon New York gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda dutsen Agadas ya fita, a watan Agustan 2025 kuma aka dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu daga ƙasar. Duk muhawarar da na ji a rediyo da fadodi ta kuɗi ce, kuma hakkinmu ne mu yi ta. Abin da ban ji an taɓo ba shi ne yadda ake ɗaukar dutsen. Guntun Ryugu da aka kawo a rufe, ƙwararru na tsaronsa, ƙwayoyinmu sun hau shi. Ina ga wanda aka ɗauka da hannu mai zufa, aka tofa masa yawu aka goge don a ga launinsa, aka jefa cikin buhu tare da dabino? Duk wata tambaya game da rai da masani zai so ya yi wa wannan dutse, mun riga mun amsa ta da yawunmu.

Abin da nake so in gani ba mai tsada ba ne. A riƙa faɗa a gidajen rediyo, da Hausa da Barbarci da Tubanci da Buzanci da Fillanci, cewa wanda ya tsinci baƙin dutse mai nauyi da fata kamar an ƙona, kada ya wanke shi, kada ya shafa masa mai, kada ya fasa. Ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ya riƙe alamar wurin a wayarsa, ya naɗe shi cikin takardar alminiyom ko leda mai tsafta. Jami'ar André Salifou tana nan cikin gari, ya kamata a ce akwai ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa a can a duba masa, a rubuta sunansa, kuma ya tabbata ba za a ƙwace masa a sallame shi hannu wofi ba, domin in ba haka ba wurin dillali zai kai.

Ba sai an je Agadas ba ma. A kundin duwatsun sama na duniya akwai wani ɗan ƙarami mai giram 46, na wani jinsi da samunsa ke da wuya ƙwarai, da aka tsinta a 1999 kusa da garin nan, kuma sunan da aka yi masa rajista da shi Zinder. Na tambayi mutanen fadarmu washegari, har da ɗan ƙanwata, babu wanda ya taɓa jin labarinsa.